Waƙar da Gwaggo Ladi ta hana ni tsallakewa

"Ajiye rimot ɗin nan!"

Gwaggo Ladi ce, ƙanwar babana, ta daka min tsawa. Ina ɗalibi lokacin, muna kallon wani tsohon fim ɗin Indiya a gidanmu na Samaru. Sarki matsafi ya rufe rijiyar gari da tsafi, mata suka fito suna waƙa. Mu samari kuwa, da an fara waƙa sai mu tura kaset gaba, mu kai wurin faɗa.

Na ce, "Gwaggo, rawa ce kawai."

Ta ce, "Kai dai ba ka da ido. Dubi tulunansu, babu ruwa. Sarki ya hana su magana, shi ya sa suke waƙa. Mu wata nawa famfonmu ya yi a bushe?"

Ranar Litinin ta tara matan layinmu da bokitansu, suka tsaya a ƙofar gidan kansila suna waƙa. Na bi su da jarka, kunya kamar ta kashe ni. Sai da suka je sau uku kafin ruwa ya dawo.

Yau famfon ya sake bushewa, Gwaggo kuma ta rasu. Na fito da jarkata. Wa zai ɗaga mana waƙar?