Yadda Unguwarmu Ta Koma Kututture

Jiya a tashar Dogon Dutsi na ji wata mata tana ce wa mai kabu-kabu, "Kai ni Kututture." Sai kakata ta faɗo mini a rai.

Da can akwai wata tsamiya a bakin unguwarmu, ta wajen dutse. Kakata ba ta wuce ta sai ta zuba wa doguwar wurin, aljanar tsamiyar, ɗan nono. Har yau ina jin tsamin ƙasar nan a hancina.

Faransawa na tafiya, wani ɗan kwamitin jam'iyya ya sa aka sare ta, ya gina gidan siminti a gefe, ya ce a riƙa kiran unguwar da sunansa. Ina riƙe da zanen kakata ta tsaya gabansa, ƙwarya a hannu.

"Ɗan nan," in ji ta, "ni na dama kunun sunanka, kuma ni zan binne sunan." Ta juye nonon kan kututturen.

Daga ranar, ko gishiri za ta aike ni saye sai ta ce, "Bi ta Kututture." Matan bakin rijiya suka ɗauka.

Gidan yana nan. Jikokinsa ma Kututture suke cewa. Na san sunansa, ba zan rubuta ba.

Allah Ya ba kakata inuwar da gatari ba ya kai wa.