Wasiƙar Na'Allah Masinja

Shekara ashirin Na'Allah na Ƙofar Atiku ya yi yana masinja a wata ma'aikatar gwamnati a Sakkwato, kuma ban taɓa jin takardar da ta wuce hannunsa kyauta ba. In ka ba shi na goro, yau za ta isa teburin sakatare. In ka hana, ya jefa ta durowar ƙasa, ya ce tana kan hanya.

Da aka yi ƙarin albashin Udoji, Na'Allah ya sayi babur, ya ƙulla abota da Dodo mahauci. Kullum tsire mai kitse da shayi mai sukari cokali biyar. Ya ajiye tumbi, yana shafa shi a bainar jama'a.

Sai ƙishirwa da yawan fitsari suka sa shi gaba, ga wani gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya yi masa bayani da harshen ofis:

"Jiki yana aika saƙo ga ƙwayoyinsa cewa su buɗe ƙofa sukari ya shiga. A naka jikin saƙon yana isa, amma akwai wani abu a cikin ƙwayar da ke danne shi. In ba ka bar kitse da zaƙi ba, ƙafar nan za ta tafi."

Na'Allah ya yi murmushi. "Likita, ai wanga na san shi. Masinja na, nashi na ba a ba shi ba."

Daga asibitin wajen Dodo ya zarce, ya ninka tsiren don ya sallami na cikin.

Da gyambon ya yi baƙi, likita ya rubuta a kai shi babban asibiti a Zariya cikin gaggawa, amma sai sakataren ma'aikatarsu ya sa hannu. Matarsa Dijatu ta kai wasiƙar ofis, ta miƙa wa Siddiƙu, masinjan da Na'Allah ya koya wa aiki. Baiwar Allah ba ta san ana haɗawa da wani abu ba.

Sati bakwai wasiƙar tana kan hanya. Aka yanke ƙafar a nan gida.

Na je duba shi, na tarar Siddiƙu ya zo gaisuwa yana ta rantse-rantse wai ba shi ya riƙe wasiƙar ba. Tausayi ya kama ni ƙwarai. Na'Allah ya dubi inda ƙafarsa take a da, ya ce, "Bar rantsuwa, Siddiƙu. Durowa ta ƙasa ta, ko? Ni na gwada maka ita."