Sharaɗin da Na Sa wa Malam

Ni na kawo tsarin nan Jibiya, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Shagona na gyaran waya yana bakin hanyar Magama, dab da shingen kwastan, kuma idan hantsi ya yi babu ciniki, aikina kallon ƙwallon kwandon Amurka a waya. Wasan yana burge ni, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suke raba sababbin 'yan wasa. Duk shekara a jera matasan da suka isa shiga, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su fara zaɓa, zakara ya zo daga baya ya kwashi saura. Har cinikin wannan dama suke yi: ka ba ni ɗan wasanka yau, in ba ka zaɓena na baɗi. Mai wayo kuma sai ya gindaya sharaɗi, ya ce idan zaɓen ya faɗo a sahun gaba yana nan a hannuna, kai ka jira na wata shekarar. Kariya suke ce wa wannan. Ranar da na gane shi, da kyar shagon ya ɗauke ni don jin kai.

Mu ƙungiyoyi huɗu ne kacal: tawa ta cikin gari, ta Daddara, ta Gangara, sai ta tsallaken iyaka. Filinmu ɗaya, siminti ne a bayan makaranta, kwando guda a karkace. Kowace shekara sai an yi rigima a kan yaran da suka gama sakandare, kowa na jan nasa. Na ce mu yi irin na Amurka. Aka yi mini dariya, sannan aka yarda, don an gaji da faɗa. Muka rubuta a littafi kowa ya sa hannu: babu ɗan gida, babu ɗan unguwa, duk sabon yaro sai ta hanyar zaɓe.

Mai ƙungiyar tsallake malamin makaranta ne, Malam muke ce masa, kuma shi ya koya mini yadda ake riƙe ƙwallo tun ina jefa ta kamar mai jifan mangwaro. Duk Asabar zai ƙetaro a kan babur, yaransa na biye a bayan a-kori-kura, jami'an ɓangarorin biyu hannu kawai suke ɗaga masa. Ƙungiyarsa ce zakara kusan kullum, wato shi ke zaɓen ƙarshe. Yana da ɗa namiji guda ɗaya, da ke karatu a Jibiya wurin kawunnansa, kuma shekara mai zuwa zai gama. Dokar da na kawo ta hana uban ɗaukar ɗansa kai tsaye.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, ya shigo shagona ya zauna a benci.

“Ƙanena, zaɓenka na baɗi nika so,” in ji shi. “In ba ka dogon nan nawa. Mutanen Gangara su ka zuwa na ƙarshe kullum, kuma sun yi mani alkawali ba su taɓa mani ɗa. Kai ka bi masu. So nike in zamna bisa benci guda da yaron nan, ko da shekara ɗaya ta.”

Dogon da yake magana a kai shi ne ya fi kowa a gasar. Ciniki ne da ko mahaukaci ba zai ƙi ba. Amma ni da na sha karatun waya, ina zan bari a yi ciniki babu ado? Na gyara zama na ce, “Malam, da sharaɗi. In mu muka zo na ƙarshe, zaɓen farko yana hannuna, kai ka amshi na shekara mai bi mata.”

Ya yi dariya har da buga gwiwa. “Kai da na ba dogo, ina za ka zo na ƙarshe? Rubuta abinka.”

Allah shaida ne, a ranar ba ni da wani mugun nufi. So nake kawai a ce na iya. Sharrin ya shigo daga baya, a hankali, ranar da na tsaya kallon wasan 'yan makaranta na ga ɗan Malam. Yaron ba ya gaggawa, ba ya hayaniya, ƙwallo na barin hannunsa ka san inda za ta. Na koma shago ina gyaran waya ina ɓata ta.

Sai kuma zazzaɓi ya kwantar da dogo makonni, muka yi ta shan kashi. Kafin ya miƙe, lissafi ya tsaya a kan wasa ɗaya: mu da Gangara, wanda ya faɗi shi ne na ƙarshe. Idan muka ci, zaɓena ya tafi wurin Malam, ya ɗauki ɗansa. Idan muka faɗi, ɗan ya zama nawa. Na san a Amurka ma ana yin haka, ƙungiya ta kwantar da gwanayenta don kada zaɓe ya kuɓuce mata, kuma na riƙe wannan a matsayin fatawa.

Ranar wasan, da la'asar, na kira dogo gefe na ce gwiwarsa ta kumbura, ya huta.

“Koci, lahiyata lau hwa,” ya ce, yana tsalle a gabana don in gani.

Na ce ni ne koci ko shi? Ya zauna. Na zuba waɗanda ko a atisaye ba sa samun kwando. Abin haushi, mutanen Gangara sun saba da faɗuwa har ba su san hanyar ci ba, da kyar da jiɓin goshi muka samu suka doke mu. Malam na tsaye a gindin dalbejiya tun farko har ƙarshe, hannuwansa a baya. Sau ɗaya ya dubi dogo a benci, sannan ya dube ni. Na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ranar zaɓe ina da sauran dama. Ba wanda ya tilasta mini. Da na kira wani yaron, Gangara su tsallake ɗan Malam, Daddara ma na san za su ji kunyar Malam. Na buɗe baki na kira sunan ɗansa. Mai ƙungiyar Gangara ya ce, “Haba, ɗan'uwa.” Malam ya karɓi littafin, ya sa tabarau, ya karanta sharaɗin da yatsa a kan layi, ya rufe.

“Haka aka rubuta,” ya ce.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Har yau idan na tuna yadda ya miƙo mini littafin da hannu biyu, kunya ce take rufe ni.

Yaron ya buga mini shekara guda, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa kallon idona ba. Ranar da muka haɗu da ƙungiyar uban, ya tashi zai jefa ƙwallo, sai muka ji Malam daga wancan bencin yana cewa, “Ɗaga hannunka, ɗana.” Ya manta ƙungiyata yaron yake buga wa. Yaransa suka juyo suna kallonsa, ya koma ya zauna yana goge tabarau. A ranar na yi niyyar mayar masa da yaron. Na ce bari dai a gama gasar, tunda muna kan gaba. Muka ci kofi, na farko kuma na ƙarshe a rayuwata. Kafin sati uku yaron ya samu gurbin karatu a Zariya, ya haɗa kayansa, ƙwallo ta zama sai in ya zo hutu.

Da lokacin zaɓe ya sake zagayowa, na rufe shago na hau babur na ƙetara. Ban taɓa zuwa gidan Malam ba sai ranar. Na same shi a zaure yana duba takardun 'yan makaranta. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, “Malam, zaɓen bana naka ne, kamar yadda aka rubuta. Babu sharaɗi, babu komai. Akwai yara masu kyau bana, har da wani ɗan Daddara mai tsawo.”

Ya ajiye jan biron da ke hannunsa, ya dube ni ba tare da fushi ba.

“Na gode, ƙanena. Riƙe abinka,” ya ce. “Ni ɗa guda gare ni.”