Ranar da Na Buɗe Ƙofar Ɓuntu

Ko da zan manta komai a rayuwata, ranar da na buɗe ƙofar ɓuntu da hannuna ba za ta fita daga raina ba. Har yau in an zauna hira wasu na cewa wauta na yi. Su yi ta faɗa.

A lokacin ina aiki a wani sabon kamfanin casar shinkafa tsakanin Kura da Bunkure, irin na zamanin nan da inji ke magana da inji. Shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ta shiga ta nan, ta fito fara tas ta can, ba hannun da ya taɓa ta. An haɗa komai da intanet, har masu kamfanin da ke ƙasar waje suna ganin motsin kowane inji daga ofishinsu. Ni ne mai zama gaban allon kwamfuta, abokaina kuwa suka sa mini suna mai gadin talabijin. Ina alfahari da aikin, ba zan ɓoye ba.

A bayan kamfanin ake zubar da ɓuntu, wato ɓawon shinkafa. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san ɓuntu ba ya fita shi kaɗai, akwai gutsattsarin shinkafa a cikinsa. Mata kan zo da faifansu tun da safe su yi ta bakace, kafin azahar kowacce ta haɗa abin tuwon dare. Yawancinsu tsofaffi ne da waɗanda mazansu suka rasu. Akwai na ƙauyukanmu, akwai 'yan Filato da aikin noman rani ya kawo. A wajenmu wannan kala ne, kamar wanda ake yi a gona bayan girbi, kuma ba a hana kala.

Rannan sai ga umarni a allona. An sayar da ɓuntun gaba ɗaya ga wani kamfani a wata ƙasa, za a riƙa matse shi a yi makamashi. Sikelin kwamfuta ya nuna nauyinsa na raguwa, kyamara kuma ta nuna masu rage shi. Don haka an kulle ƙofar baya, kuma daga can ƙasar aka danna makullin, ba wanda ya tako ya dubi idon kowa.

Da safe na zagaya na tarar da matan zaune a gindin ƙofar, faifai a cinya. Wata tsohuwa da ta fi kowa daɗewa a wurin ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, ko ƙofar taku ce ta lalace? Mu jira ko?"

In ce mata me? Wani wanda bai taɓa cin tuwon shinkafa ba ya ga ta yi masa yawa? Raina ya ɓaci ƙwarai. A jikin ƙofar akwai wani ƙarfe da ake ja da hannu idan gobara ta tashi. Na kama shi na ja, na ce, "Iya, ku shiga. Ba abin da ya same ta."

Jiniya ta ɗauka. Kafin in koma ofis har masu kamfanin sun yi kiran bidiyo. Manajanmu, mutumin kirki ne amma akwai tsoro, ya tare ni a bakin ƙofa yana gumi. "Don Allah ka ce kuskure ne," in ji shi. "Ka ce hannunka ne ya taɓa. Ni zan rufa maka."

Na ce, "Yallaɓai, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

A allon bango ga fuskar wani mutum cikin kwat, yana magana da Turanci cikin ladabi. Ya ce kaya ne da aka riga aka sayar, kuma masu saye ba sa yarda baƙi su shiga harabar kamfani. Na ce masa waɗannan ba baƙi ba ne, gonakin 'ya'yansu ne ke ciyar da injinsa. Na ce a ƙasar nan wanda ya yi girbi ba ya komawa tsintar abin da ya zube, na masu kala ne. Ya tambaye ni ko zan yi alƙawarin ba zan sake ba. Na ce muddin ina wurin, kuma suna zaune a gindin ƙofar, gobe ma zan ja.

Kafin la'asar katina na aiki ya daina buɗe ko da ƙofar banɗaki. Haka aka sallame ni, ba faɗa ba takarda. Washegari aka kira mai walda ya liƙe ƙarfen. Ba zan yi muku ƙarya in ce na ci nasara ba, yini ɗaya tak na samar musu.

Da yammar da aka kore ni, ina zaune a ƙofar gida ina tunanin yadda zan gaya wa matata, sai ga tsohuwar nan da ɗan kwano a lulluɓe. Ta ajiye a gabana ta ce, "Mun ji labari. Kowa ta zuba hannu guda. Kai ma yau ka shiga sahunmu, ga rabonka." Ni da ke cika baki gaban manya, sai ga ni ina share hawaye.

Yanzu ina gyaran injinan ban-ruwa a bakin hanya, kuma ban ƙi ci gaba ba, ko gobe aka kira ni gaban kwamfuta zan zauna. Amma na koyi cewa komai nisan inda umarni ya fito, a hannun wani mutum yake sauka. In a naka ya sauka, ka dubi wanda ke zaune a gabanka kafin ka ce ai ba laifinka ba ne.