Ƙarfen Da Na Ƙara Wa Ƙafar Maiɗakina

Tafiya uku aka ce in yi, wata biyu-biyu a tsakani, domin gwiwar da ta rage wa maiɗakina a ƙafar da aka yanke. Ban yi ko ɗaya ba. Shi ne abin da nake so in gaya wa masu karatu, tun da sauran numfashina.

A lokacin ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, Dei-Dei kuwa ƙauye ce, ba a ma fara zancen kawo babban birni ba. Dillancin shanu nake yi, in bi rugagen Fulani in saya, in kora zuwa kasuwar Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu. Ban gaji ko akuya ba, idona da hannuna suka yi mini komai. In na dafa gadon bayan sa, na san abin da zai ba mahauci. A wurina abu mai nauyi shi ne mai kyau, mara nauyi kuwa algus ne.

Wata damina maciji ya sari maiɗakina a gonar doya. Kafin mu kai asibiti ƙafar ta lalace, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Likita ya ce mu gode Allah da gwiwar ta tsira, domin mai gwiwa yana tafiya, yana durƙusawa ya yi salla. Shi ya haɗa mu da wasu injiniyoyin jami'a can arewa, tafiyar yini guda a babbar mota, masu binciken ƙafar da za ta dace da manoma, wadda za ta shiga taɓo ta fito.

Wanda ya karɓe mu wani siririn saurayi ne mai tabarau. Kwana huɗu yana awo. Ya naɗe dungun da filasta ya cire siffarsa, ya sa ta taka sikeli, ya goge nan ya kankare can, har na tambaye shi ko ƙafar ango yake sassaƙawa. Da ya gama ya miƙo mini, sai na ji ta sakayau kamar ƙwarya, katako ne da robar taya a tafin, ga 'yan huji a jikin kwarin da dungu ke zama. Na ce masa wannan ai ko kaza ba za ta ɗauka ba. Ya yi dariya ya ce, ranka ya daɗe, rashin nauyin shi ne aikin da suka shekara uku suna yi, hujin kuma iska ke shiga. Ya ce dungu yana ramewa a hankali, don haka lalle mu dawo a gyara, kada kuma kowa ya taɓa ta. Maiɗakina ta sa ta, ta taka har bakin ƙofa ba sanda, tana kuka tana dariya.

Wata biyu tana zuwa rafi da ƙafarta. Sai ta fara cewa tana mata lako-lako. Lokacin komawa ya yi ke nan, amma ya faɗo daidai kasuwar Babbar Salla, raguna sun cika mini hannu. Na ce a raina, katakon da ya yi sako-sako sai na bar kasuwa na tafi jami'a? Na ɗauki ƙafar na kai wa wani maƙeri abokina a Karmo, Bagwari, wanda ke ƙera mini gatari da fartanya. Mutumin nan ya juya ta, ya ce shi kam gara in mayar wa masu ita, ƙafar mutum ba ƙotar gatari ba ce. Na ce masa tsoron 'yan boko yake ji. Na tsaya a kansa ya ɗaura mata zobe biyu na ƙarfe, ya matse bakin, ya buga ƙusa. Na wuce wurin baduku ya shimfiɗa jar fata a ciki, ya toshe hujin nan duka. Na ɗaga ta na ji nauyi, na ce yanzu aka yi ƙafa.

Da maiɗakina ta sa, ta ce, Malam, tana cizo. Na ce sabon takalmi ma yana cizo. Bayan kwana uku ta sake faɗa, na ce raki ne. Daga nan ba ta ƙara magana ba, domin ta san halina, tana ɗingishi tana aikinta. Ni kuma ina kasuwa ina nuna wa 'yan'uwana dillalai cewa na gyara wa jami'a aikinta. Wari ne ya tona abin. Ƙusar ta huda fatar ta ci naman, gumi ya rasa mafita, gyambo ya haura sama.

A asibiti aka yanke sama da gwiwa. Injiniyan ya zo da kansa. Ya ɗauki ƙafar ya daɗe yana kallon zoben ƙarfen, bai zage ni ba, na kuwa so a ce ya zaga. Ya ce abin da take buƙata gyaran rabin sa'a ne. Ya ce kuma su ƙafar ƙasa da gwiwa suka iya, ta sama ba su kai gare ta ba tukuna.

Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina ya tokare ni. Sanin shanu ya sa na zaci na san komai. Don Allah, duk wanda aka ba wa na'urar asibiti don wani nasa, ya bar ta yadda masu ita suka yi, ya koma ranar da aka ce ya koma. In mai sanye da ita ya ce tana ciwo, a saurare shi tun a karon farko.

Ragunan nan na sayar da su duka kafin Salla, ban yi kwantai ko ɗaya ba. Ita kuwa shekara talatin da ɗaya ta yi tana salla a zaune, har Allah ya karɓi abarsa, ba ta taɓa yi mini gori ba.