Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

A shekarun da rikici ya ci yankin masu Turanci na ƙasarmu, mu uku ne a wani ɗaki saman shagon tayoyi a unguwar New Bell ta Douala, muna rubuta manhajar da za ta haɗa direbobin manyan motoci da masu kaya zuwa arewa. Shugabanmu, ɗaya daga cikin mu ukun, ɗan unguwarmu ne, ya girme mu, Yaya muke ce masa. Shi ya kafa doka: duk abin da mutum ya rubuta, sai wani ya duba ya sa hannu kafin a saka shi a manhajar. Doka mai kyau. Sai dai in aikin Yaya ne, ko karantawa ba ma yi. Wa zai gyara wa babba?

Sai muka ɗauki wani daga Buea, can yankin masu Turanci. An yanke musu intanet, harbi ya hana su barci, ya zo Douala da kwamfuta da jaka ɗaya. A ɗakina yake kwana. Aikin nan ne kaɗai ya tsaya tsakaninsa da komawa can.

Wata Talata aikin Yaya ya faɗo hannunsa. Bawan Allah ya karanta tsaf, ya ƙi sa hannu. Ya rubuta a inda kowa ke gani cewa in direbobi biyu suka danna karɓar kaya tare, kaya ɗaya za a ba su. Har gyaran ya rubuta.

Yaya ya juyo gare mu, ya bar Faransanci ya koma Hausa, mutumin yana zaune.

"Baƙo raɓa ne," in ji shi. "Mu rufa masa asiri, shi ya tona nawa?"

Na ce, "Yaya, dokarka ya bi."

"Toh, avocat, tunda kai ne lauyansa, kai za ka gaya masa. Ƙarshen wata, fini, aikinsa ya ƙare."

Na ukunmu, Bahaushe kamar mu, ya ƙura wa allon kwamfutarsa ido kamar bai taɓa jin Hausa ba. Har yau in na tuna shirun nan raina ɓaci yake.

A wurin mai shayi na gaya wa baƙon, ruwan sama na dukan kwano. Tambaya ɗaya ya yi mini: gyaran nasa kuskure ne? Na ce a'a.

Ya yi ta yawon neman aiki a unguwar Akwa har takalminsa ya cinye. Daga baya ya hau mota ya koma.

Bayan tafiyarsa direbobi biyu suka ba hammata iska a kan buhunan albasa ɗaya. Yaya ya ɗauko gyaran nan yadda yake, ya liƙa da sunan kansa, ya turo mini in sa hannu. Na ƙi, na ukunmu ya sa.

A dandalin hirar aikinmu akwai ɗigon kore da ke haskawa gefen sunan duk wanda yake kan layi. An manta ba a cire sunan mutumin Buea ba. Kullum da safe nakan duba. Nasa bai sake haskawa ba.