Kunun Gayya

Ni na dawo da autanmu gida daga asibiti a Kano, bayan an raba jikinsa da tiramol. Tun daga Kwanar Dangora har Yako kansa na kan kafaɗata, ƙato da shi, sai ka ce ɗan goye. Likita ta riga ta ja min kunne: fitar da ƙwaya daga jiki ba shi ne warkewa ba. A raba shi da tsofaffin abokai, a riƙa kawo shi duk wata, kuma ko guda ɗaya kada ta sake shiga bakinsa.

Ni kuwa bazawara ce a gidan ubana, ba miji ba ɗa, sai na mai da shi sana'ata. Ya tafi masallaci, ina leƙe ta katanga. Ya daɗe a banɗaki, in buga ƙyaure. Mai tallan magani ya jingine kekensa a ƙofar gidanmu, in fito da muciya. Unguwa ta sa min suna 'yar sanda, ko a jikina. Biki ban je ba, kasuwar Kafin Maiyaƙi ban leƙa ba. Ya gaji da ni, na gaji da kaina, amma ba wanda zai iya sakin wani.

Asibiti kuwa mun koma na farko, mun koma na biyu, sai Baba ya ce yaro ya yi kumatu, me kuma za a je nema?

Damina ta sauka, ciyawa ta shaƙe masara, ga Baba da ciwon gwiwa. Auta ya saɓi fartanya ya fita, amma kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga shi ya dawo yana jan ƙafa, gumi sharkaf. Ya zauna kan turmi ya ce, "Yaya, jikin nan ba nawa ba ne." Tausayinsa ya kama ni. Dole Baba ya kira gayya.

Na san abin da samarin yanzu ke yi da kunun gayya. Da an ajiye bokiti sai wani ya ɓare ƙwayoyi ya watsa, a juya da ludayi. Kowa ya sani, kowa ya yi gum, tunda gona na ƙarewa da wuri. Saboda haka ranar gayyar na dama wa Auta nasa daban a jug mai murfi, na damƙa masa a hannu a gindin ɗorawar da ke gona. Ban yi nisa ba na ji wani yana cewa, "Ga ɗan Yaya da fidarsa ta jarirai." Aka bushe da dariya. Na so in juya in ci masa mutunci, amma tuwo na kan wuta.

Da na dawo da abinci, tun daga nesa nake jin sowa. Auta ne a gaba, ya bar kowa a rabin kunya, ƙasa sai tashi take a bayansa. Baba na tsaye kan sandarsa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya ce da ni, "Kin ga ɗana? Wallahi ya warke."

Na dubi gindin ɗorawa. Jug na nan yadda na ba shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Auta ya kai ƙarshen kunya ya juyo yana sosa wuya, irin susar da na san yana yi in ya sha ƙwaya. Muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai.

Bayan magariba Baba ya ce wani mai gona a Doguwa na neman 'yan ƙodago, kuma ya riga ya ba da sunan Auta, jibi za su tafi. Na buɗe baki, ya ɗaga min hannu. "Sake shi haka nan. Ke ma kin sha wahala, ki huta."

Na sami Auta a bakin rariya yana wanke ƙafa. Na karɓi butar ina zuba masa, raina kamar ya fita don baƙin ciki. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, don Allah kada ki faɗa masa yau. Yaushe rabon da ya yi dariya saboda ni?"

Ban faɗa ba, washegari ma ban faɗa ba. Ni na wanke masa kaya, ni na ɗaure su a buhu.